Na gama digiri, aiki shiru: in ci bashi in yi mastas ko in dakata?

Ƙanwarku ta Bronx

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema, don abin ya cushe mini.

Na zo Amurka ina 'yar shekara 14, na yi sakandare a nan Bronx, watan Mayun da ya wuce kuma Allah ya nufa na gama digirin farko a fannin bayoloji. Daga lokacin zuwa yau na tura takardar neman aiki wurare fiye da 70. Biyu kaɗai suka kira ni intabiyu, su ma daga baya shiru. Ana cikin haka wata jami'a mai zaman kanta ta ba ni gurbin mastas a fannin kiwon lafiyar al'umma, shekara 2, kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 60,000, ba tallafin ko sisi. Sun ce in amsa kafin ƙarshen wata.

Babana direba ne, shekara da shekaru yana kwana a kan titi saboda mu, kuma ba shi da burin da ya wuce a kira ni likita. Mamata ta ce in karɓi mastas ɗin, ya fi zaman gida. Wata ƙawata kuma ta ce matsalar sunana ce, in cire shi daga CV in bar harafin farko kawai. Ni kuma ina sa hijabi. Don Allah me kuka gani?

Baban Yara, Houston

Wa alaikumus salam 'yata. Ki karɓa. Shekarata 26 a ƙasar nan, abin da na gani da idona shi ne abin da Bature zai samu da takarda ɗaya, baƙar fata sai ya nuna biyu. Bashi kuma hanji ne, yana cikin kowa, musamman a Amurka. In kin samu aiki mai kyau za ki biya. Kada ki zauna shekara ta zagayo ba karatu ba aiki, shi ne abin tsoro.

Malamin Jami'a, Ohio

Alhaji, da girmamawa, a nan ban bi bayanka ba. Maganarka ta farko gaskiya ce, amma maganin da ka bayar shi ne ainihin ramin da yaranmu suke faɗawa.

A 2016 cibiyar Brookings ta fitar da wani bincike a kan waɗanda suka gama digirin farko. Ranar da suka fita daga jami'a, bashin da ke kan ɗalibi baƙar fata ya fi na Bature da kusan dala 7,400. Bayan shekara 4 tazarar ta kai kusan dala 25,000. Babban abin da ya buɗa ta shi ne karatun gaba da digiri: baƙaƙen fata sun fi Turawa komawa mastas, kashi 47 cikin ɗari a kan 38, da yawansu kuma a makarantun da aka kafa don cin riba. Wato yaro ya nemi aiki an ƙi kiransa, ya ce bari in ƙaro takarda, ya ƙaro ta da bashi, ya dawo ya tarar da ƙofar nan dai da ta ƙi buɗuwa, ga kuma kuɗin ruwa yana hawa.

'Yata, ga tambayar da nake yi wa duk ɗalibin da ya shigo ofishina da irin wannan takarda. Wane aiki kike so ki riƙa tashi da safe kina zuwa? Ki nemo tallan wannan aikin guda 10, ki karanta abin da suke nema. In 8 sun ce sai mai mastas, to mastas ɗin yana da dalili. In abin da suke ta maimaitawa shi ne gogewar shekara 1 ko 2, to ba makaranta ce ke gabanki ba. A saƙonki ban ga inda kika ce kina son kiwon lafiyar al'umma ba. Na ga dai kin gaji da jira, kuma ina jin tausayin hakan ƙwarai.

Anti Nas, Maryland

Malam ya gama magana. Ni ta ɓangaren bashin zan ƙara, don na ɗanɗana. Bashin gwamnatin tarayya na masu mastas kuɗin ruwansa yana kusan kashi 8 cikin ɗari, kuma yana fara hawa tun ranar da aka tura kuɗin makaranta, ba ya jiran ki gama. Sannan dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta rufe Grad PLUS, ƙarin bashin da gwamnati ke ba masu karatun gaba da digiri, ga sababbin masu karɓa daga 1 ga Yulin 2026. Mai mastas iyakarsa dala 20,500 a shekara. Ki lissafa: shekara 2, dala 41,000. Ragowar kuɗin makarantar da haya da abinci daga ina? Daga banki, wanda ba ruwansa da ko kin samu aiki ko ba ki samu ba.

Ga kuma maganar riba, wadda mu Musulmi ba ma iya kau da kai daga gare ta. Ni na ci bashin nan lokacin da ban ga wata hanya ba, na yi shekara 9 ina biya, kuma har na gama zuciyata ba ta taɓa kwanciya da shi ba. Ke kina da hanya. Manyan asibitoci da yawa suna biya wa ma'aikatansu wani kaso na kuɗin karatu, doka ma ta yarda har dala 5,250 a shekara ba haraji a kai. Ki shiga ko da ƙaramin aiki ne, mai ɗibar jini, mai rubuta wa likita bayanan marasa lafiya, mai kula da takardun masu shiga gwajin magani. In kin shiga ciki, guraben da ba ki taɓa gani a intanet ba za ki ji su a bakin mutane.

Ɗan Zango

Maganar suna fa kada a wuce ta, ƙawarta ba ƙarya ta yi ba. Akwai binciken da wasu masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka wallafa a 2004. Sun tura CV kusan 5,000 na ƙirƙira ga masu neman ma'aikata a Boston da Chicago, komai iri ɗaya sai suna. Mai sunan Turawa yakan samu kira ɗaya a cikin 10, mai sunan baƙar fata ɗaya a cikin 15. Kun san sunayen da suka yi amfani da su? Har da Aisha, Rasheed, Kareem, Hakim da Jamal. Sunayenmu ne na gida. Aisha ce ma ta zo ƙarshe a cikin matan wajen samun kira. Ni na rage sunana a CV, kuma na ga bambanci.

Kawu Injiniya, Atlanta

Ɗan Zango, binciken gaskiya ne. Amma akwai wani da ya biyo baya wanda ya fi amfani ga ƙanwarmu. A 2021 wasu masana daga jami'o'in Berkeley da Chicago sun tura takardu kusan 83,000 ga manyan kamfanoni 108. Sun samu wariyar, amma ba ko'ina take daidai ba: kusan rabinta ya taru ne a kashi ɗaya cikin biyar na kamfanonin, wasu kuwa da ƙyar ake ganin bambanci. To aikinmu mu san inda ake buɗe ƙofa mu nufi can.

Ban ga laifin wanda ya rage sunansa ba, kowa ya san inda ɗakinsa ke yoyo. Amma ita da hijabinta za ta shiga intabiyu. Wurin da sunanta zai hana su kiranta, ganinta ma zai hana su ɗaukarta, kuma ko sun ɗauka ba za ta ji daɗin zama ba. Sunan da mahaifinki ya yanka rago ya raɗa miki, ki bar shi a inda yake.

Abin da ya fi damuna shi ne 70 ɗin nan. In duk ta intanet kika tura, to yawancinsu ba mutum ne ya fara dubawa ba, manhaja ce ke tacewa. Aikina na farko a taron NSBE na same shi, ƙungiyar injiniyoyi baƙaƙen fata da aka kafa a Jami'ar Purdue a 1975. Na miƙa CV hannu da hannu, muka yi magana ta minti 5, bayan mako 2 aka kira ni. Zuwa da kai ya fi saƙo. A fanninku na kimiyyar lafiya akwai taron ɗalibai masu bincike mai suna ABRCMS da ake yi duk shekara, ki nemi zuwa. Ki kuma koma ofishin neman aiki na jami'arku, suna taimakon waɗanda suka gama, ba masu karatu kaɗai ba.

Sabon Zuwa, Dallas

Ni dai ina ganin ana cika kukan wariya. Mu 'yan Afirka ba ɗaya muke da baƙaƙen nan ba. Mu muna da tarbiyya da son karatu, shi ya sa muke wuce su. Ta nuna musu ita 'yar Afirka ce, za su girmama ta.

Hajiya Babba, Chicago

Ɗana, ka janye wannan magana, don Allah. Na ji ta a bakin mutanenmu ba sau ɗaya ba, kuma duk sanda na ji sai raina ya ɓaci.

Wa ya buɗe mana ƙofar da muka shigo? Dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda ta hana a ƙi ɗaukar mutum aiki saboda launinsa ko addininsa, da jinin mutanen nan aka same ta. An doke su, an sakar musu karnuka, an kashe shugabanninsu. Dokar shige da fice ta 1965 da ta soke fifita Turawa wajen shigowa ƙasar nan, a kan guguwar gwagwarmayarsu ta zo. Tun kafin nan ma, lokacin da yawancin jami'o'in ƙasar ba sa maraba da baƙar fata, makarantunsu ne suka karɓi namu. Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk a Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania suka yi karatu, Azikiwe ya kuma zauna a Jami'ar Howard.

Kuma mai tace CV ba ya tambayar ko kakanka daga Kano yake ko daga Mississippi. Ɗan sanda ma haka. Yarinyar nan a takardun ƙasar nan baƙar fata ce, kuma waɗanda za su riƙe hannunta a wurin aiki, akasari matan nan ne da kake rainawa. Ni wata dattijuwa 'yar Alabama ce ta koya mini yadda ake neman ƙarin albashi, ta tsaya mini kamar 'yar cikinta.

Sabon Zuwa, Dallas

Na karɓi gyara Hajiya. Allah ya huci zuciyarki, ban san wannan tarihin ba.

Likitan Yara, Philadelphia

Bari in taɓa burin Baba, tunda ni na bi hanyar. Ƙanwata, likitanci shekara 4 ne bayan digirinki, sai horon asibiti na shekara 3 zuwa 7 gwargwadon fannin da kika zaɓa. Kafin nan ga MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci. Ba a yin sa don faranta wa wani, ko da mahaifi ne, don ranar da kika kwana a tsaye a asibiti ba shi zai ɗauke miki gajiyar ba.

Amma in ke ce kike so, ana bukatarki sosai. Baƙaƙen fata sun haura kashi 13 cikin ɗari na mutanen Amurka, amma a cikin likitoci ba su kai kashi 6 ba. Wannan giɓin yana da asali. Bayan rahoton Flexner na 1910 a kan makarantun likitanci, makarantun likitanci na baƙar fata 5 cikin 7 sun rufe, aka bar Howard a Washington da Meharry a Nashville. Daga baya aka samu Morehouse a Atlanta da Charles Drew a Los Angeles. Har yau waɗannan huɗun suna yaye kaso mai tsoka na likitocinmu.

Ta fuskar kuɗi kuma abubuwa sun ɗan canja. A unguwarku ta Bronx, makarantar likitanci ta Albert Einstein ta daina karɓar kuɗin makaranta tun 2024, bayan kyautar dala biliyan 1 da Ruth Gottesman ta bayar. Makarantar likitanci ta Jami'ar New York (NYU) ta riga ta tun 2018. Shiga cikinsu dai sai an dage, don kowa can yake nufa. Ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka (AAMC) kuma tana rage wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin MCAT da na cike takardun nema.

Abu ɗaya da ya kamata ki sani: tun hukuncin Kotun Ƙoli na 29 ga Yunin 2023 a shari'ar Harvard da Jami'ar North Carolina, jami'a ba ta da ikon duba launin fata wajen ba da gurbi. Amma hukuncin ya bar ƙofa ɗaya: kina iya rubuta yadda rayuwarki ta kasance, har da abin da launinki ya jawo miki da yadda kika tsallake. To labarinki na zuwa ƙasar nan a shekara 14 da kama karatu cikin harshen da ba naki ba, ki rubuta shi da kyau.

Kuma mastas na dala 60,000 ba sharaɗin shiga likitanci ba ne. Yawancin waɗanda muka shiga tare sai da suka yi shekara 1 ko 2 suna aiki bayan digiri. Nawa ne makinki, kuma me kika fi jin daɗinsa a jami'a?

Ƙanwarku ta Bronx

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Likita, makina 3.4 ne cikin 4. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa Baba ba ita ce ba na son aikin duba marasa lafiya. Abin da na so shi ne shekarar da na yi a ɗakin gwaje-gwajen wata malamarmu, muna aiki a kan ƙwayoyin jini. Ƙanena yana da sikila. Tun muna gida nake ganin yadda ciwon ke murƙushe shi, a nan ma sau da yawa in mun kai shi asibiti cikin dare sai an tsaya ana kallonsa kamar mai neman ƙwaya kafin a ba shi maganin ciwo. Abin da nake so in yi aiki a kai ke nan. Ban san ta inda ake farawa ba.

Malamin Jami'a, Ohio

Alhamdu lillahi, yanzu kika faɗi abin da muke jira. To saurara da kyau, don wannan bayanin da yawa daga cikin yaranmu ba wanda ya taɓa yi musu shi.

A Amurka ba sai kin yi mastas kafin ki shiga digirin digirgir ba. Daga digirin farko ake nema kai tsaye. Kuma a fannin kimiyyar lafiya ba ke za ki biya ba, su za su biya ki: a ɗauke miki kuɗin makaranta, a ba ki inshorar lafiya, a riƙa ba ki alawus duk wata, ke kuma kina bincike, wani lokaci kina taya koyarwa. Yakan ɗauki shekara 5 zuwa 6. Alawus ɗin ba na tara dukiya ba ne, amma zai riƙe ki, kuma za ki fita ba bashi. Duk jami'ar da ta ce ki zo ki yi digirgir a wannan fanni da kuɗinki, ki ba ta haƙuri.

Abin da masu zaɓe suke dubawa ya wuce maki. Suna son su ga kin taɓa bincike na gaske, da wasiƙu 3 daga malaman da suka san aikinki. Da 3.4 da shekara 1 a ɗakin gwaji, ina ganin ki ƙara shekara 1 ko 2 a matsayin mai taimaka wa masu bincike, aikin albashi ne. Cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin tarayya, NIH, da ke Bethesda tana da shiri na musamman ga waɗanda suka gama digiri, ana biyansu, amma sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin. Manyan asibitocin koyarwa na New York ma suna ɗaukar irin waɗannan ma'aikata. Kada ki tura ta shafin neman aiki kaɗai. Ki rubuta wa shugaban ɗakin gwajin da kansa, gajeren saƙo, ki ambaci wani aikinsa da kika karanta.

Fannin da kika zaɓa kuma yana kan ganiyarsa. Kusan mutum 100,000 ke da sikila a Amurka, mafi yawansu baƙaƙen fata, Najeriya kuwa ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu ita. A Disambar 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Casgevy, magani na farko da ke amfani da fasahar gyaran ƙwayar halitta ta CRISPR, kuma a kan sikila ne. Kuɗinsa ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya. Yadda za a sauko da irin wannan magani har ya isa ga yaro a Kano ko Maraɗi, aiki ne da ke jiran masu bincike irinki.

Baban Yara, Houston

Malam, na ji, kuma na sassauto. Amma a faɗa mata ɗaya gefen. Tun 2025 gwamnati ta taɓa kuɗin bincike, jami'o'i da dama sun rage ɗaliban digirgir da suke ɗauka, shirye-shiryen da aka yi don baƙaƙen fata ma wasu an rufe su. In ta saki wannan gurbin ta kuma rasa wancan fa? Kada a yi biyu babu.

Malamin Jami'a, Ohio

Gaskiya ne Alhaji, a sashenmu ma mun rage. Shi ya sa na ce aiki tukuna, kuma in lokacin nema ya yi ta nemi wurare 8 zuwa 10, manya da matsakaita. Gurbin mastas na kuɗi kuwa ba ya ƙarewa, baɗi ma za su karɓe ta da murna. Ta rubuta musu ta nemi a ɗage mata zuwa shekara mai zuwa, da yawa suna yarda.

Ɗalibi daga Damagaram

Iyayena a yi mini afuwa in sa baki. Wannan shawarar ta dace da ita in tana da takardun zama. Mu da muke kan bizar karatu lissafinmu daban ne. Bayan digiri wata 12 kawai ake ba mu na aiki, wanda ake kira OPT, kuma in ka haura kwana 90 ba aiki ka karya sharaɗi. Masu fannin kimiyya da fasaha ana ƙara musu wata 24. A cacar bizar aiki ta H-1B kuma akwai gurabe 20,000 da aka ware wa masu mastas ko sama daga jami'o'in Amurka, ban da 65,000 na kowa da kowa. Don haka wani ɗan'uwan in ya shiga mastas ba gudun neman aiki yake ba, agogo ne ke bin sa. Kada wani mai irin halina ya karanta ya ɗauka hukuncin ɗaya ne.

Anti Nas, Maryland

Ka kyauta da ka faɗa, ƙanena. Kai ma dai ka fara neman wanda za a ba ka aikin koyarwa ko na bincike a sashen, a rage maka kuɗin. Ana samu a mastas ma, musamman a jami'o'in jiha.

Hajiya Babba, Chicago

Saura maganar mahaifinki, 'yata, kuma ita ce mai nauyi. Kada ki tare shi da "ba na son likitanci". Mutumin da ya yi shekaru yana tuƙi cikin sanyi da wannan fata a ransa, in kika faɗa masa haka kai tsaye zai ji kamar wahalarsa ta tashi a banza. Ki fara da mamanki, ki zaunar da ita ki nuna mata lissafin bashin a rubuce. Sannan ki sami wani babba da yake jin maganarsa, ƙaninsa ko limamin masallacinku, ku je tare. Ki fara masa da ƙanenki. Ki ce masa kina so ki shiga cikin masu neman maganin ciwon da ya hana gidanku barci, kuma za a biya ki kina karatun, kuma a ƙarshe Dakta za a kira ki. Ban ga uban da zai ji wannan ya ƙi sa albarka ba.

Ƙanwarku ta Bronx

Hajiya, na yi kuka da na karanta wannan. Daren jiya na rubuta wa malamar da na yi aiki a ɗakin gwajinta, yau da safe ta amsa. Ta ce in zo ranar Talata, akwai wata abokiyar aikinta da ke neman mataimaki a binciken jini, kuma za ta rubuta mini wasiƙa. Na kuma tura wa masu mastas ɗin roƙon a ɗage mini. Sunana yana nan a CV yadda yake. Kawuna zai zo gida ranar Asabar mu yi wa Baba magana. Malam, yaushe ake rufe neman digirgir?

Malamin Jami'a, Ohio

Yawancinsu farkon Disamba, da yawa ranar 1 ga wata. Ki nemi wasiƙun malamai tun Oktoba, ki kuma tambayi kowace jami'a ko za ta yafe miki kuɗin cike takarda, da yawa suna yafewa in an roƙa. In kin rubuta bayanin kanki ki turo mini in duba. Ranar Talata ki tafi da littafin da kika riƙa rubuta gwaje-gwajenki a ciki, za ta so ta gani. Allah ya ba ƙanenki lafiya.